Damisa Mai Cin Ganyen Wake

An zalunce ni, kuma ba zalunci irin na ƙauye ba wanda ake kai wa shugaban unguwa ya sasanta a gindin mangwaro. Nawa na duniya ne. Mutanen da ban taɓa taka ƙasarsu ba, ban sare musu ayaba ba, ban nemi auren 'ya'yansu ba, sun zauna a ɗakunansu kowa da kofin shayinsa, sun dube ni da kyau, sun haɗa baki sun ce ni aladen daji ne. An ce wata tsohuwa a can ƙasar da ƙanƙara ke zuba har ta ƙara da cewa mai ƙiba. Ni, Yosamu Rwabwogo, wanda babba da yaro ke gaisarwa da Araali, tsohon shugaban masu tsinkar ganyen shayi, jikan maharbin da giwayen dajin Kibale ke canza hanya in sun ji tarinsa. Har yau babu wanda ya tako ya ba ni haƙuri.

'Yata Kajumba ce ta fara jawo abin. Ta zo hutu daga Fort Portal, inda take aikin jinya, ta same ni a ƙofar madafa ina koya wa uwarta ɓare wake. Abwooli, matata, ta daɗe tana ɓare wake ba daidai ba, sai da na bar aiki na samu lokacin lura. Kajumba ta dubi uwarta, uwar ta dubi wuƙar da ke hannunta. Washegari aka miƙo mini waya mai faɗin fuska.

"Baba, ga aikin da ya dace da kai," in ji Kajumba. "Masu binciken daji sun ɗaura kyamarori a jikin itatuwa, duk abin da ya gifta sai su ɗauka. Hotunan sun fi ƙarfinsu, suna neman 'yan sa-kai. Kowa daga gidansa zai duba ya faɗi dabbar da ya gani. Hoto ɗaya mutane da yawa ke dubawa, daga ko'ina a duniya, abin da mafi yawa suka faɗa shi ake ɗauka."

"Ana biya?"

"Ba a biya."

"Daidai ne. Irin ilimina dama ba ya sayuwa."

Abwooli ta rungume 'yarta har da hawaye. Na ɗauka murnar ɗaukakata ce.

Na raɗa wa kaina suna Idon Kibale, na ɗauko kujera na kafa a gindin bishiyar kofi, inda duk mai wucewa zai gan ni, na fara aiki. Hoto na farko ciyawa. Na biyu ciyawa. Na uku ciyawar ce dai, iska ta kwantar da ita. Daga nan ganye, sai ƙafar gada, sai hancin wani biri marar tarbiyya da ya zo yana leƙen kyamara. Sai ciyawa.

Maƙwabcina Bagonza kullum sai ya jingina da shinge.

"Araali, yau me aka kamo?"

"Aikin kimiyya ne, ba na masu kiwon awaki ba."

"Na ji. Me kimiyyar ta kamo?"

"Gada."

"Guda?"

"Ƙafarta."

"To, madalla. Kakanka giwa, kai ƙafar gada. Jikanka kuma sai dai kuɗin cizo."

Raina ya ɓaci. Na ce masa akwai damisa a bakin dajin nan, ni na sani, ina jin warinta a cikin hotuna, kuma kafin ranar da dangin saurayin Kajumba za su zo gabatar da kansu zan nuna wa duniya ita. Ya ce tun yana yaro rabon da a ji labarin damisa a wannan kwari. Na ce ai tun yana yaro ba a samu mai ido ba.

Ranar gabatarwar ta matso. Dangin yaron mutanen gari ne, malaman makaranta da masu ɗaura taye. An bi salsala an gama: kan gidansu aladen daji ne, ba sa ci ba sa taɓawa, mu kuwa namu mazo, don haka babu jinin da ya haɗa mu, aure ya halatta. Abin da ya rage shi ne yadda za a gabatar da ni. Ba zan tsaya gaban masu taye a ce ga uban yarinya, mai ƙirga ciyawa ba.

Sai Allah ya kawo mafita. A cikin hotunan ciyawar na gane wani ɓaure mai rababben gindi. Ɓauren da ke bakin rafi ne, ƙasan gonar ayabata, inda giwaye ke fitowa su yi mana ɓarna. Ashe akwai kyamara a bayan gidana. Na ɗaga kai ina tunani, idona ya faɗa kan Minista.

Minista bunsuru ne mai launin ƙasa-ƙasa, wanda Abwooli ke kiwatawa don ranar baƙi. Ya samu sunan ne saboda ba a taɓa ganin sa yana wani aiki ba sai tauna. Na dube shi, ya dube ni. Tsawon ya yi, launin ya yi. Ɗigo-ɗigo kawai ya rasa.

Ranar Lahadi bayana ya riƙe, ban iya zuwa coci ba. Da ƙauye ya watse na ɗauko baƙin man goge takalmi na zauna na yi wa Minista ado. Ba yabon kai ba, na iya zane. Ƙahonin ne matsala, sai na yanke shawarar damisar za ta gifta da kai a sunkuye: na zuba ganyen wake a bayan wani gungume da ke gaban ɓauren. Saura ni. Kowa ya san kyamara fuska take nema, don haka na buɗe akwati na ciro mayafin ɓawon itace na kakana, wanda aka ajiye za a shimfiɗa ranar baƙi, ja-ja kamar ƙasar gona. Na lulluɓa da shi tun daga kai, na durƙusa, na juya wa kyamarar baya, na riƙa rarrafe da baya-baya ina jan Minista da igiya. Duk mai hankali haka zai yi.

Komai ya tafi daidai. Minista ya sunkuya yana cin ganye, ƙahoni a ɓoye. Abu ɗaya ne ban lissafa ba, wato kwarkwasa. Ashe a tsakiyar hanyarsu na dasa gwiwoyina. Sun bari sai da suka kai inda suke so, sannan suka ciza a tare kamar an busa musu usur. Ba zan faɗi wurin ba. Na saki igiya, na saki ƙara, Minista ya zabura ya tsallake rafi ya shige daji da adonsa.

Abwooli ta dawo daga coci ta tarar da ni kwance rub da ciki.

"Bayan ne har yanzu?"

"Ya sauka ƙasa."

"Ina Minista?"

Na ce, "Damisa."

Kafin la'asar labari ya zaga kwari. Mata suka daina zuwa rafi. Mai dafa giyar ayaba ya ce ba zai sauka gonarsa ba ko da bikin sarki ne. Aka riƙa raka 'yan makaranta da adduna. Mutane suka fara layi a gindin bishiyar kofi suna neman shawara, ni kuma ina bayarwa a tsaye, saboda zama bai yiwu ba tukuna. Bagonza da kansa ya zo da hula a hannu.

"Araali, ashe da gaske kake."

"Ban riƙe ka ba. Jahilci ba laifi ba ne."

Kwanakin nan su ne mafi daɗi a rayuwata. Da Minista yana da mutunci da ya zauna a daji ya bar ni na more su. Amma Minista bai san daji ba, gida ya sani.

Tsohuwa Nyakato ce ta fara gani. Ta iso tana haki, ta ce ta hango damisar a gonarta, daga nesa, tana cin ganyen wake.

Jama'a suka juyo gare ni.

"Haka suke yi," na ce. "Ta haɗiye bunsuru guda. Ke in kin ci bunsuru guda ba za ki nemi ganye ba?"

Aka gyaɗa kai. Bayan kwana biyu damisar ta cinye hannun rigar malamin coci daga kan igiyar shanya.

"Goge haƙora take yi."

Aka sake gyaɗa kai, amma ba kowa ba. Sai wasu masu itace suka ji ta a cikin duhuwa tana cewa meee.

"Wannan ita ce dabararta mafi haɗari," na ce. "Muryar marigayi ta ɗauka, don ta yaudari 'yan'uwansa."

Abwooli tana tsaye a bayana da tukunya. Ta tambaye ni ko na ga man takalmi, wai gwangwanin ya yi sauƙi. Na ce zafi ne, yana busar da shi.

Sai ga Bagonza da safe, hular a kansa wannan karon.

"Araali, ina da tambaya ta kimiyya. Jiya da magariba damisarka ta shiga garkena."

"Ayya. Nawa ta kashe?"

"Ko ɗaya. Ta dai hau farar akuyata, ta sauka. Akuyar kuma ba ta yi ƙorafi ba."

"Magariba ce, idonka ba shi da kyau."

"Hancina fa? Wannan damisa warinta irin na wani da na sani ne."

"Ta ci shi, dole ta yi warinsa."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce zai jira ya ga abin da akuyar za ta haifa.

Ranar nan ɗan acaɓa ya kawo saƙo daga tsoho Kasaija, kawun saurayin, da ake gaisarwa da Amooti, wanda shi zai jagoranci baƙi. Wai suna gaisuwa, suna jajanta bunsuru, amma ba za su kwaso tsofaffi da yara su kai su inda damisa ke shiga gonaki da rana tsaka ba. A ɗage ranar sai abin da hali ya yi. Yaron kuwa hutunsa ya kusa ƙarewa, in ya koma wurin aikinsa a arewa sai baɗi.

Kajumba ta iso a bayan wani babur, ko jaka ba ta ajiye ba.

"Baba, dubi idona."

"Ina aiki."

"Akwai damisa ko babu?"

"Kimiyya ba ta amsa tambaya a tsaye."

"To, zan je wurin masu kimiyyar."

Ta tafi ofishin masu binciken ta samu Malama Kemigisa, mai kula da kyamarori, ta roƙe ta. Malamar ta sauka rafi da 'yan rakiya ta kwaso hotunan ɓauren, ta ɗora su da gaggawa don 'yan sa-kai su duba, ta kuma sa aka yi shela: ranar Asabar za a nuna wa kowa a makarantar firamare.

Ban ji tsoro ba, don na san aikina. Na buɗe waya, ga Minista a bayan gungume, kai a ɓoye, ɗigo-ɗigo na sheƙi. Na danna damisa. Hoto na gaba wani jan abu ne ƙato, ya cika fuskar waya, kai a cikin ciyawa, baya a sama. Na ce a raina, ashe bayan na tafi wani ya zo cin ragowar ganyen. Na danna aladen daji, kuma tunda ranar ina cikin nishaɗi, na shiga wurin da ake rubuta bayani na ilimantar da duniya.

Ranar Asabar aji ya cika har tagogi. Aka rufe su, aka rataya farin zane a bango. Tsoho Kasaija ya zo da kansa ya gani, masu taye na biye da shi, shi da farar kanzu, doguwar rigar nan tamu, da kwat a sama, ya zauna a gaba ya dogara haɓa a kan sanda. Na zauna kusa da shi, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Malama Kemigisa ta haska hoton farko. Minista ya yi kyau ƙwarai.

"'Yan sa-kai kusan duka sun ce akuyar gida ce," in ji ta. "Mutum ɗaya ne ya ce damisa."

"Shi ne mai ido," na ce. "Sauran a birni suka girma."

"Damisar tana da igiya a wuya," in ji Bagonza daga baya.

"Ta wanda ta ci ce. Ta maƙale mata."

Ta haska na biyu. Jan abin nan ya cika bango.

"Wannan an yi ittifaƙi aladen daji ne. Akwai ma wanda ya yi dogon bayani." Ta karanta: "Tsohon namiji ne, ya wuce lokacinsa. Dubi faɗin bayansa: wannan bai taɓa neman abinci da guminsa ba, a gonar mutane yake ci. Malalaci ne, mai yawan gurnani. Matansa ne ke wahala. Duk wanda ya ce ba alade ba ne bai san daji ba. Sa hannu, Idon Kibale."

Na miƙe na ɗan rusuna. Wasu suka tafa.

"Malama," in ji Bagonza, "a ɗan ƙara girman ƙafar baya."

Ta ƙara. A ƙarshen ƙafar aladen akwai takalmin taya, maɗaurinsa ɗaya baƙi, ɗaya shuɗi, an ɗinke shi da wayar lantarki. Aji duka ya bar bango ya koma kallon ƙafata, wadda ke sama, kan ɗaya. Na sauke ta a hankali. Ban san amfanin saukewar ba, takalmin ya biyo ta.

"Wancan facin da ke gefen cinya," in ji Abwooli, murya a kwance, "ni na yi shi. Mayafin kakansa ne."

A nan nake son a yi mini adalci. Wa ya taɓa ganin kansa ta wannan ɓangaren?

Dariyar da aka yi ba zan bayyana ta ba, don ba ta da tarbiyya. Malamin coci sai da aka fitar da shi ya sha iska. Ana cikin haka aka ji meee a ƙofa. Minista ne, ya ji hayaniya ya ɗauka rabon abinci ake. Ruwan sama ya dake shi, ɗigo-ɗigon sun zubo sun zama zane-zane.

"Araali," in ji Bagonza, "ga jakin dawa kuma. A danna."

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Tsoho Kasaija ya buga sandarsa a ƙasa, ya miƙe, ya gyara kwat.

"Jama'a, wannan ba abin dariya ba ne, abin baƙin ciki ne. Mun zo neman aure, ashe gidan 'yan'uwa muka zo. Araali, wannan da ke bango kai ne?"

Na dubi takalmina. "Akwai kamanni, Amooti."

"Kai ne kuma Idon Kibale, wanda aka ce bai taɓa kuskuren dabba ba?"

"Haka mutane ke faɗa."

"To, masani ya ce alade ne, duniya ta yarda, mu su wa da za mu musa? Kowa ya san kan gidanmu. In uban yarinya alade ne, yarinya 'yarmu ce. Ba ma auren 'yar'uwa. Sai dai mu rungume ka mu koma gida."

Na yi 'yar dariya don a san na gane wasa ne. Fuskarsa ba ta motsa ba. Na waiwaya, Kajumba na tsaye a jikin bango, hannu a harɗe, da irin kallon da take yi wa marar lafiyan da ya ƙi allura.

"Amooti, ai ana iya samun ɗan kuskure a kimiyya."

"Kimiyya ce ta yi kuskure ko masanin?"

"Hasken wurin ne bai..."

"Baba," in ji Kajumba.

Na juya ga tsohon. "Masanin ne."

"Wato bai san alade ba?"

"Bai sani ba."

"Damisa fa?"

"Ita ma."

"To me ya sani? Ka ɗaga murya, wannan kunnen nawa ya mutu tun zamanin da."

Na tsaya a gaban ƙauyenmu, gaban masu taye, gaban bayana da ke rataye a bango, na ce da ƙarfi, "Ciyawa! Ciyawa na sani!"

"Alhamdu lillahi," in ji tsohon, ya zauna. "Mutum ne. Muna nan tafe ranar da aka sa."

Sun zo kuwa. An shimfiɗa mayafin kakana, Abwooli ta juya facin ya kalli inda nake zaune. An ci tuwon tamba da miyar ɓararren wake, an ci Minista, wanda aka ce namansa na ɗan ƙamshin takalmi. Da aka zo gabatar da ni, tsoho Kasaija ya ce ba sai an wahala ba, sun san ni gaba da baya. Har yau in na je gidansu sai tsofaffin su tashi su ba ni kujerar dangi, su hana yara taɓa ni. Farar akuyar Bagonza ta haifi 'ya'ya biyu, ya raɗa wa ɗaya Damisa, ɗayan Kimiyya, kuma a bakin shingena yake kiran su.

Duk wannan na yafe. Abin da ban yafe ba shi ne na mutanen duniya, don hoton yana nan, da sunan da suka ba shi. Na sa kanzuna na tafi ofis na samu Malama Kemigisa, na ce ina son a ba ni sunayensu ɗaya bayan ɗaya, musamman tsohuwar nan ta ƙasar ƙanƙara, in ji dalilin da baƙi za su zagi dattijo a bayan gonarsa.

Ta buɗe na'urarta ta duba. Ta ce ai da farko ba su zage ni ba. Wasu sun ce suri ne, wasu sun ce buhu ne iska ta kawo, mafi yawa sun ce ba su gane ba. Ita tsohuwar ma cewa ta yi kamar mutum ne ya faɗi, a je a duba lafiyarsa.

"To me ya canza musu ra'ayi?"

Ta juyo da na'urar ta nuna mini. Ƙarƙashin dogon bayanin nan sun yi layi, kowa da godiyarsa. Tsohuwar ce ta ƙarshe. Ta ba da haƙuri, ta janye maganarta, ta ce ita wace ce da za ta yi musu da ɗan ƙasa.